Cibiyar ceton shaho, shirwa da ungulu a Legas: keji za a fara ginawa ko ɗakin jinya?

Malam Habu (Agege): Assalamu alaikum jama'a. Kowa ya ga takardar da kwamiti ya turo kan filin da ake son yin cibiyar tsuntsaye masu farauta a wajen Epe. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin an ɗora su a kan ƙaton keji na 'yan kallo, ɗakin jinya kuwa sai a zango na biyu. A ganina an juya abin. Tsuntsayen da za a riƙa kawo mana a Legas sanannu ne: shirwar da mota ta buge ko ta yi karo da wayar wuta, mujiyar da aka ciro daga silin, ƙaramin shaho da ya manne a gam ɗin kama ɓera, sai ungulun da aka ƙwace a hannun masu kai wa 'yan tsibbu. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai shiga babban keji a satin farko. Masana, bismillah.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Kwana biyun farko ne ke raba mai rai da gawa, kuma kayan aikin ba su da tsada. Kwali mai ramukan shan iska, tsohon tawul a ƙasansa, ɗaki mai duhu da shiru, ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30. Kada a sa shi a kejin waya irin na kaji, domin kafin gari ya waye ya kakkarya gashin wutsiya ya fasa saman bakinsa. Wajen kamu, a lulluɓe shi da tawul a fara riƙe ƙafafu, don makamin shaho da shirwa da mujiya farata ne. Ungulu kuma akasin haka, ƙafarta ba ta da damƙa, bakinta ne abin tsoro, sai a fara da kai. Za ta yi amai idan an kama ta, a sunkuyar da kanta ƙasa kada aman ya koma hanyar numfashi.

Abu na farko bayan ya huta minti talatin zuwa awa ɗaya shi ne sikeli. A rubuta nauyi da giram, a shafa ƙashin ƙirji. Idan ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, tsoka ta zube ta kowane gefe, wannan ya daɗe bai ci ba, kuma shi ne wanda abinci ke kashewa. Ruwa ake fara ba shi. Lissafin haka yake: a ɗauka ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a ruwa, sannan bukatar yau da kullum mililita 50 ce a kowane kilo. Shirwa mai giram 700 ke nan tana bin bashin mililita 70, ga kuma 35 na kullum. Ranar farko a biya rabin bashin a haɗa da na kullum, 70 ke nan, a raba sau huɗu. Sauran rabin a raba shi a kwana biyu masu zuwa. Ruwan dirif na Ringer ake ɗumamawa ya kai wajen digiri 38, wani a ƙarƙashin fatar matsematsi, wani ta siririn tiyo zuwa hanyar abinci.

Sadiq (Mile 12): Dakta, mutanenmu da sun ga dabba ta ci guba sai su ɗura mata manja ko madara. Yana taimakawa kafin a iso da ita?

Dakta Rabi: A'a ƙanena, kisa ne. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, a buɗe. Duk abin da aka zuba da cokali rabinsa can yake wucewa, kuma mai idan ya shiga huhu ba ya fita. Wanda ya tsinci tsuntsu abu uku kawai ake so ya yi: kwali, duhu, ya kawo shi a ranar. Ba burodi, ba hatsi, ba ruwa a baki.

Baba Ɗanladi: Ku ƙara da na gam ɗin ɓera. Kada a fizge shi, gashi da fata za su biyo allon. Man gyaɗa ake ɗigawa kaɗan kaɗan a inda ya manne, ana ɗagawa da yatsa. Kananzir da fetur haramun ne a wannan aiki, suna ƙona fata su shiga jini. Wankin cire man da sabulun wanke kwanuka da ruwan ɗumi sai washegari, bayan ya sami ruwa a jiki ya dawo hayyacinsa.

Injiniya Nura: Ban ƙi maganarku ba, amma kada a raina keji. Tsuntsun da ya warke a kwali bai warke ba sai ya yi shawagi. Abin da na ƙi a zanen kwamiti shi ne siffarsa, zagayayye mai waya ta kowane gefe don mutane su kewaye. Na motsa jiki dogo ake yi, siriri. Na mujiya mita 9 tsawo, 3 faɗi, tsayi wajen 3 da rabi. Na shirwa da shaho mita 15. Na ungulu da gaggafa mita 30 tsawo, 6 faɗi, 5 tsayi. Bangon ko dai katako a tsaye da tazarar santimita 2 zuwa 3, ko raga mai laushi irin ta inuwar gandun shuka daga ciki. A tsaye nake nufi, ba a kwance ba, don in a kwance ne zai maƙale ya riƙa hawa kamar tsani yana goge wutsiya. Ƙofa biyu a jere, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Sandunan sauka a ƙarshe biyu kawai, tsakiya fayau.

Sai matsalolin da Legas ta keɓanta da su. Iskar teku na cinye waya da ƙusa, don haka duk ƙarfen da za a sa ya zama mai rufin hana tsatsa. Ƙasar yankin Lekki da Epe ruwa na kwanciya, sai a ɗaga daɓe aƙalla rabin mita, tsakuwa a ƙasa, yashi mai kauri santimita 15 a sama. A binne raga rabin mita kewaye da gini saboda gafiya da maciji. A kuma yi 'yar kwata ta siminti mai ruwa kewaye da ɗakin jinya, don kwarkwasa na iya gamawa da tsuntsun da ba ya tashi a dare ɗaya.

Hajiya Talatu: Injiniya, na ga ka ce yashi. A zanen an rubuta dusar katako irin ta gidan kaji, wai ta fi sauƙin kwashewa.

Dakta Rabi: Hajiya, gara da kika tono wannan. A soke dusar katako, a soke ciyawa, a soke ɓawon itace. A damshin Legas duk gidan fumfuna ne, kuma fumfunar da ake kira Asfajilas ita ce babbar makashiyar waɗannan tsuntsaye a tsare. Tsuntsu ba huhu kaɗai gare shi ba, yana da jakunkunan iska har cikin ciki da wasu ƙasusuwa, kuma nan take tsirowa. Kafin ka ji muryarsa ta canza ko ka ga wutsiya na motsi da kowane numfashi, ta riga ta yi nisa. Maganin na ɗaukar watanni, kuma ba kullum ake nasara ba. Abin da ya fi shi ne iska ta ratsa ɗaki ta sama da ƙasa, a kwashe ragowar nama kafin awa goma sha biyu, a shimfiɗa jarida a ɗakin jinya a canza kullum. Tsuntsun da ke cikin firgici ya fi kamuwa, wannan ma wani dalili ne da ya sa bai kamata 'yan kallo su ga majinyata ba.

Malam Habu (Agege): To ga batun ci. Wasu sun ce tunda mayankar Oko-Oba na kusa da mutanenmu, nama ba zai zama matsala ba.

Baba Ɗanladi: Nan ne ake faɗawa rami. Tsokar saniya zalla ba abincin shaho ba ce. A daji yana cinye ɓera da ƙashi da gashi da hanta, daga ƙashin yake samun sinadarin kalsiyam. Tsoka cike take da fosfaras, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, alhali ana so kalsiyam ya ɗara. Babba zai jure wasu makonni. Ɗan tsako kuwa cikin sati biyu zuwa uku ƙafafunsa sun lanƙwashe, ƙashin fiffike na karyewa da kansa, kuma ba ya gyaruwa. Cikakkiyar dabba ake bayarwa: ɓerayen da cibiya ta kiwata da kanta, salwa, da 'yan tsaki maza masu kwana ɗaya waɗanda ake samu da araha daga masu ƙyanƙyasa na Ibadan. Kada a dogara da 'yan tsaki kaɗai, a riƙa sassauyawa.

Yawan ci ya danganta da girma, ƙarami ya fi ci in aka kwatanta da jikinsa. Ƙaramin shaho mai giram 100 zuwa 150 kan ci wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa a rana. Shirwa 10 zuwa 15. Ungulu mai kilo 2 wajen kashi 5 zuwa 6 ya ishe ta, ita ce ma kaɗai za ta amfana da mayanka, in an haɗa mata da ƙashi da kayan ciki. Alamar lafiya ita ce ɗan dunƙulen gashi da ƙashi da yake amayarwa, a duba shi kowace safiya kafin a sake ba shi ci. Shaho da shirwa suna da jakar abinci a wuya, a taɓa ta: in abincin jiya na nan kuma baki na tsami, ya ruɓe a ciki, a kira likita nan take. Mujiya ba ta da wannan jaka.

Abu biyu da ba a bayarwa ko kyauta ne: ɓeran da aka tsinta a kasuwa, domin mai yiwuwa ya ci guba, da tattabara, domin tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa farin abu kamar cuku a baki da maƙogwaro.

Injiniya Nura: Baba, ka manta wuta. Duk wannan abinci a firiza yake zama, kuma firizar da ta narke ta sake daskarewa sau uku a mako guba take ajiyewa. Sola da batir na firiza su shiga zangon farko, da ma'aunin sanyi da ake rubutawa safe da yamma, a tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. A narkar da na gobe a firij cikin dare, ba a rana ba, ba a ruwan zafi ba.

Baba Ɗanladi: Ban manta ba ɗana, na bar maka naka ne.

Sadiq (Mile 12): Ni tambayata karaya. Masu ɗori na gargajiya suna ɗaure ƙafar kaza ta warke. Me zai hana a nan?

Dakta Rabi: Kaza ba ta bin ɓera a sama. Ƙashin tsuntsu na haɗewa da wuri, sati uku zuwa huɗu, saboda haka in ya haɗe a karkace shi ke nan. A ɗauki hoton ƙashi tukuna, hoton ne ma zai nuna ko akwai harsashin bindigar toka a jiki. Karayar ƙasan fiffike ana naɗe ta da bandeji mai siffar lamba 8, amma in an bar shi sati uku ba a kwance ba, fatar gaban fiffiken za ta ƙanƙance, gaɓa ta sandare. Kowane kwana uku zuwa huɗu a kwance, a miƙe fiffiken a hankali, a mayar. Karayar ƙashin sama kusa da kafaɗa tiyata take so. Wadda ta shiga cikin gaɓa kuwa, da wuya mai ita ya sake farauta. Kuma tun ranar farko a sa wa wutsiya kube da tsohon fim ɗin hoton ƙashi, don gashin da ya karye sai an jira zubar gashi ta shekara, ko a dasa wani da ɗan tsinken gora da gam a cikin bututun tsohon.

Maganin ciwo meloksikam ne, bayan an ba da ruwa. Diklofenak kuwa, wani maganin ciwon, kada ya ƙetare ƙofar cibiya. Shi ne ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu a Indiya da maƙwabtanta tun daga shekarun 1990, ta hanyar mushen shanun da aka yi wa allurarsa, yana lalata musu ƙoda cikin 'yan kwanaki. Indiya da Pakistan da Nefal sun hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Don haka ko naman mayanka sai an tabbatar ba na dabbar da aka yi wa jinya ba ne.

Hajiya Talatu: Tunda an taɓo ungulu, bari in faɗi abin da ke damuna. Ku ce an ƙwace ungulu biyar, an yi jinya sun warke. Ina za a sake su? Ungulun da muka sani ta mayanka da bola ta shiga jerin masu dab da ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, tun 2015. Ƙwai ɗaya take yi, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, don haka kowace babba da aka rasa giɓi ne na shekaru. A ƙasar nan abin da ya fi cinye ta kasuwar sassan jiki ce, kai da ƙafa da gashi don tsibbu. Masu kamun kan barbaɗa guba irin Furadan a nama su kwashe da yawa a tashi ɗaya. A Gini Bisau a 2020 fiye da 2,000 suka mutu ta wannan hanya. Sakin ungulu a bakin hanyar Epe mayar wa ɗan kasuwa kayansa ne. Ni na fi son a riƙe su a yi kiwo.

Malam Habu (Agege): Hajiya, ban yarda da riƙewa ba. Kiwon haihuwa aiki ne na shekaru, ungulu ba ta fara ƙwai sai ta yi wasu shekaru, ga kuɗin ci kullum, ga keji na musamman da ba a leƙawa. Ƙaramar cibiya in ta cika da mazauna dindindin, shekara biyu ta zama gidan zu, sabon majinyaci ya rasa wuri. Wadda ke iya tashi a kai ta inda 'yan uwanta suka rage kuma mutanen wurin suka amince za su tsare, a ajiye ta a kejin wucin gadi sati biyu zuwa uku ta saba da wurin, a buɗe ƙofa a ci gaba da ajiye nama. A sa mata zobe mai lamba a ƙafa, in da hali da na'urar bin sawu wadda ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na nauyinta ba. Gidauniyar kare muhalli ta NCF, mai cibiyar Lekki mai hekta 78 tun 1990, ta daɗe tana aikin ungulu har da zama da masu maganin gargajiya, ga kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos. Su za a tambaya wurin saki, ba mu zauna a Agege mu zaɓa a taswira ba.

Hajiya Talatu: Malam, amincewar mutanen wuri ba ta hana baƙo zuwa da dare da ƙullin guba. Amma na yarda a raba: masu tashi su tafi da zobe, naƙasassu su zauna, in sun yi ƙwai falillahil hamdu.

Baba Ɗanladi: Kuma kada a rikita ungulun mayanka da ungulun kwakwa, mai fari da baƙi, wadda ake gani a bakin ruwan Lekki. Ita yawancin cinta 'ya'yan kwakwar manja ne da na tukurwa, da kaguwa da kifi. Wanda ya ba ta nama zalla bai san ta ba. Ita ana iya sakinta a nan, gidanta ne.

Shirwa ma tana da lokaci. Da rani take cika sararin Legas, in damina ta kankama ta bi ruwa ta yi arewa. Wadda ta warke a Yuni ko dai a riƙe ta zuwa Oktoba, ko a ɗauke ta a kai ta arewa. Kuma ba a saki kusa da filin jirgin Ikeja ko bolar Olusosun, na farko saboda jirage, na biyu saboda guba.

Sadiq (Mile 12): Mujiya fa? Ita ce za ta fi yawa, don duk wanda ya ji huci a silin cewa yake mayya ce.

Dakta Rabi: Yawanci 'ya'ya ne, huɗu zuwa bakwai, girmansu daban daban don ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba. In iyayen na nan, mafi alheri a roƙi mai gida a kafa akwati a bangon waje kusa da ramin, faɗi santimita 45, zurfi 60, ƙofa mai faɗin 13 ta wajen sama, a mayar da su a daren. Wata biyu sun tashi, kuma babba ɗaya na cin ɓera uku zuwa huɗu a dare, mai shagon hatsi ya san darajar wannan. In dole a raine su, kada su ga fuskar mai ba su ci. A haɗa su da 'yan uwansu, a miƙa abinci da hantsaki ta bayan labule, ba magana. Ɗan da ya taso yana ganin mutum a matsayin uwa zai riƙa sauka a kan mutane yana roƙo, kuma a garin nan kun san ƙarshen mujiyar da ta sauka a kafaɗar mutum.

Babbar da ta yi karo da mota a duba cikin idonta da fitilar likita, domin jini kan taru a baya inda ba a gani. Wadda ta zo da cikin baki fari fat da kumburin jini a ƙarƙashin fata ta ci ɓeran guba, bitamin K1 ake ba ta na makonni. Kafin saki sai ta kama ɓera mai rai a keji, dare uku a jere, nauyinta bai ragu ba.

Injiniya Nura: Saura sanduna. Sanda mai santsi, kauri ɗaya, ita ke kawo kumburin tafin ƙafa, don nauyi na sauka a wuri guda kullum har ya zama gyambo. A naɗe da igiya ko ciyawar roba mai dogon gashi, a sa masu kauri daban daban, a duba tafin kowane tsuntsu duk mako. Da an ga ja ko santsi a canza sandar a ranar.

Malam Habu (Agege): Sai takarda. Duk waɗannan tsuntsaye suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji, kuma dokar ƙasa ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, ta shafi mallakarsu da cinikinsu. A nemi izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a sanar da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, da sashen likitocin dabbobi na jihar Legas kafin a karɓi ko ɗaya. Doka ta cikin gida kuma: ba ma sayen tsuntsu don mu cece shi. Ka sayi ɗaya a kasuwa yau, gobe a kamo uku.

Dakta Rabi: Malam, a ƙara ɗakin killacewa a jerin farko, nesa da sauran, da takalmansa da bokitinsa, kwana 30 ga kowane sabon zuwa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka a Najeriya ne a 2006, kuma a shekarar an same ta a ungulu a Burkina Faso. Wanda ya zo yana karkata wuya ko ya mutu ba dalili, samfurinsa ya tafi ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Vom a jihar Filato, ma'aikaci kuma ya sa takunkumi da safar hannu. Mai kiwon kaji a gida kada a ba shi aikin wannan ɗaki.

Injiniya Nura: To zan sake zanen a haka: ɗakin karɓa da jinya, killacewa a kusurwar da iska ke fita, ɗakin firiza da na kiwon ɓera, sai keji mai mita 15 guda ɗaya. Na mita 30 zan bar masa fili a gefen gabas. Hajiya, naƙasassun naki sai su jira zango na biyu.

Hajiya Talatu: Za su jira. Amma ka duba zanenka, ka sa ɗakin ɓeraye jikin bangon ɗakin jinya. Ka matsar da shi bayan firiza, kuma ƙofarsa ta kalli waje.